Arahar Gida da Ikon Saye: Bayani a kan Kasuwar Gidaje a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

1. Kalmomin saukar kuɗi

Bahaushe yana da kalmomi da dama na faɗin saukar kuɗin kaya, kuma ko wace da mazauninta. Idan aka ce abu ya yi araha, ana nufin kuɗin da aka sa masa bai kai darajarsa ba. Rahusa kuwa araha ce wadda ta game kasuwa duka, kamar ta hatsi da kaka. Idan aka ce farashi ya karye, to labarin mai sayarwa a ke bayarwa, domin shi ne ya zuba dukiyarsa ba ta komo ba. Idan kaya ya yi kwantai, watau an kai shi kasuwa an komo da shi ba wanda ya taya. Duk waɗannan huɗu kayan su ke dubawa, ko mai kayan. Kalma guda ce ta ke duban mai saye, ita ce sauƙi, gama ba a cewa abu ya yi sauƙi sai in hannun mai bukata zai iya kai gare shi.

Wannan bambanci ba na malaman harshe kaɗai ba ne. A kan ji labari cewa kuɗin sababbin gidaje ya faɗi a ƙasa kaza, sai mai sauraro ya ɗauka marasa gida sun sami sa'a. Sau da yawa ba haka abin ya ke ba, domin abin da ya karya farashin gida shi ne kuma ya kan karya aljihun wanda zai saya. Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina, wuri ne da za a ga wannan a fili, tun da ya ke cikin shekaru kaɗan ta ga bunƙasar gine-gine, ta kuma ga sanyin kasuwa.

2. Yadda a ke samun gida a da

A zamanin da, ba a ɗauki gida kayan kasuwa ba a ƙauyuka da ƙananan garuruwan ƙasar Katsina. Saurayi in ya isa aure, a gidan ubansa a ke yanka masa sashe a gina masa ɗaki. In gida ya cika, sai a nemi fili wajen mai unguwa ko dagaci, a kai gaisuwa, a nuna iyaka gaban shaidu. Kayan gini kuwa kusan duk a ƙasar a ke samunsu. Ana haƙo jar ƙasa a kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a murza tubali da hannu a shanya. Azara daga giginya ta ke, kuma da ya ke ba ta ɗaukar nauyin rufi in tsakanin ya wuce kamar ƙafa shida, faɗin ɗaki ya kan tsaya a kan tsawonta, sai fa in za a yi ɗaurin guga, wanda aikin gwanayen magina ne. Makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke hana ruwa cin bango. Da rani a ke gini, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan'uwa da maƙwabta su taru su yi gayya, mai gida ya ciyar da su.

Saboda haka tsadar gida a wancan zamani ta ƙarfi ce da lokaci. Mai gida yana biya da guminsa, kuma yana ta biya ko wace shekara, domin ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe kafin damina ba zai zube. Amma wanda ba shi da sule ko ɗaya yana iya samun wurin kwana nasa na kansa. Sayar da gida kuwa abin kunya ne, ba a yinsa sai bisa larura, ko wajen rabon gado in magada sun kasa daidaitawa.

3. Yadda gida ya shiga kasuwa

Abu biyu suka sauya wannan hali: kayan gini da dokar ƙasa. Kwanon rufi ya kori azara, bulon siminti ya kori tubali, birkila da kafinta suka karɓi aikin magini. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan da tsabar kuɗi a ke samunsa, kuma daga nesa ya ke zuwa. Siminti daga Kalambaina ta Sakkwato ko Obajana ta Jihar Kogi a ke ɗauko shi cikin manyan motoci, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ta haka kuɗin ɗaki a Kurfi ya rataya a kan kuɗin man mota da darajar naira, abubuwan da ba wanda ya ke da iko da su a Kurfi.

Wajen doka kuwa, tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962 ta tabbatar da haka, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin ga Nijeriya duka. Bisa ga wannan doka, filin birni yana hannun Gwamnan jiha, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansa. Wanda ya ke da takardar Gwamna yana iya jinginar da gidansa a banki. Galibin masu gidaje a garuruwa irin Dutsin-Ma ba su da ita, abin da ke hannunsu takardar ciniki ce mai sa hannun shaidu da mai unguwa. Za a ga muhimmancin wannan a gaba.

Garin Dutsin-Ma, mazaunin 'Yanɗakan Katsina, yana kamar kilomita 60 kudu da birnin Katsina, Kurfi kuma tana kan hanya tsakaninsu. Ya zama hedkwatar ƙaramar hukuma a 1976, aka gama madatsar ruwa ta Zobe kusa da shi a 1983, aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ko wane mataki ya kawo ma'aikata masu albashi, waɗanda ba 'yan gari ba ne, masu bukatar haya. Kwalejin horon malamai mai sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ta ƙara yawansu. Ƙidayar 2006 ta sami mutum kusan 170,000 a ƙaramar hukumar. Amma babban sauyi ya zo a 2011, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, aka sa ɗaya a Dutsin-Ma. Ɗalibai da malamai suka shigo, ɗakunan kwana na makaranta ba su isa ba, gonakin bakin gari suka koma fulotai. 'Yan kasuwa da ma'aikata masu ritaya suka zuba abin da suka tara cikin gidajen haya masu jerin ɗakuna, bisa zaton cewa ɗalibi ba ya yankewa, ƙasa kuma ba ta faɗuwa.

4. Abin da ya sanyaya kasuwa

Abu uku suka taru suka gwada wannan zato. Na farko rufe makaranta. A 2020 annobar korona da yajin aikin malaman jami'a suka rufe jami'o'in tarayya kusan shekarar duka, a 2022 kuma aka sake yajin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Gidan da aka gina domin ɗalibai ba shi da wani mai haya in ɗalibai sun tafi, gama magidanci ba zai kai iyalinsa jerin ɗakuna marasa zaure da tsakar gida ba.

Na biyu rashin tsaro. Ƙasar tana maƙwabtaka da Safana da Batsari da Ɗanmusa, waɗanda ke gefen dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka yi sansani. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A Oktoba 2023 aka ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da su ke haya a wajen makaranta. Irin wannan hali ya kan raba kasuwar gari biyu. Gidan bakin gari, wanda shi ne sabo, mai kyan gini, shi a ke gudu, domin shi ɓarayi ke fara tararwa. Ɗakin cikin gari kuwa, ko da tsoho ne, sai ya yi tsada, saboda mutanen ƙauye da suka baro gonakinsu a nan su ke neman mafaka. Ga sabon gida ya rasa mai taya, ga talaka ya rasa ɗakin haya, duk a gari guda, a shekara guda. A 2025 waɗansu ƙananan hukumomin yankin, har da Kurfi, sun yi sulhu da 'yan bindiga, amma mai sayen gida shekaru ashirin ya ke hange, ba ya sakin kuɗinsa sai ya ga zaman lafiya ya daɗe.

Na uku tsadar rayuwa. A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A Yuni 2023 aka saki naira, dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Magidancin da abinci ya cinye albashinsa ba ya zancen fuloti.

5. Faɗuwa iri uku

Duk da haka, wanda ya zaga wajen dillalai zai yi wuya ya ji an ce kuɗin gida ya sauka. Dalili kuwa shi ne gida ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa in ya kwana. Mai shi ya san abin da ya kashe, ya kuma san abin da zai kashe in zai sake gina irinsa yau. In aka taya ƙasa da haka sai ya ce albarka, ya rufe gidansa ya jira. Don haka alamar farko ta mutuwar kasuwar gidaje ita ce kwantai: ciniki ya yi ƙaranci, la'adar dillali ta yanke, gine-gine su tsaya a linta ba rufi. Faɗuwar kuwa tana zuwa ta hanya uku.

Ta farko ita ce ta fili, wadda larura ke kawowa. Wanda aka sace ɗan'uwansa ana neman kuɗin fansa, ko mai jinya, ko wanda ya ƙudura barin gari, ba shi da halin cewa albarka. Zai sallama a kan abin da aka taya. Wannan araha ce ta gaskiya, amma sai mai tsabar kuɗi a hannu ke cin ta, cikin kwana biyu ko uku. Malamin makaranta mai jiran ƙarshen wata ba ya cikin masu tayawa.

Ta biyu ɓoyayya ce, hauhawar farashi ke kawo ta. Bisa ga lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuɗin kaya ya hau da kashi 28.9 cikin 100 a shekarar da ta ƙare Disamba 2023, ya sake hawa da kashi 34.8 a wadda ta ƙare Disamba 2024. In aka haɗa biyun, abin da naira 100 ta saya a ƙarshen 2022 sai da wajen naira 174 a ƙarshen 2024. A ƙaddara wani ya gama gida a kan naira miliyan 10 a ƙarshen 2022, ya sayar miliyan 12 bayan shekara biyu. A bakinsa ya ci ribar miliyan 2. A haƙiƙa sai ya sami miliyan 17.4 kafin ya mai da abin da ya zuba, watau ya yi hasarar kusan sulusin dukiyarsa. Gidan ya faɗi ƙwarai, alhali kuwa mai saye ya ga ƙari ne.

Ta uku ita ce ta rage kaya. Mai gini don sayarwa, in ya ga masu saye ba za su iya kuɗin da ya kamata ba, sai ya raba fuloti biyu, ya ƙanƙanta ɗakuna, ya sa a buga bulo da yawa daga buhu guda, ya sayi kwano marar kauri da rodi siriri. Kuɗin gida ya sauka, amma gidan ma ya sauka tare da shi. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta ke da wurin zama, domin abin da aka rage ranar ciniki za a biya shi wajen gyara bayan damina biyu ko uku.

6. Ikon mai saye

Ma'aunin sauƙin gida shi ne a gwada kuɗinsa da abin da mutum ke samu. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya zama naira 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a Yuli 2024. A ido ya ninka har da ɗori. Amma a 2019 buhun siminti yana wajen naira 2,500, watau albashin wata yana sayen buhu 12. A Fabrairu 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnati ta zauna da masu masana'antu aka daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Ko a kan 8,000 ɗin, sabon albashin bai cika buhu tara ba. In da bulo a ke biyan ma'aikaci, da ya ga an rage masa ne.

A ƙaddara kuma ƙaramin gida na naira miliyan 8. Mai albashin 70,000, in ya iya ajiye sulusin albashinsa ko wane wata ba fashi, sai ya shekara 28 da 'yan watanni kafin ya tara kuɗin, in har gidan ya tsaya yana jiransa. In gidan ya faɗi da kashi 10 cikin 100, shekarun su koma wajen 26. Mai gidan ya yi hasarar naira 800,000, wadda ta isa ta hana shi barci, amma mai neman gidan bai matso kusa da ƙofa ba.

Saura bashi. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamba 2024, bankunan kasuwa kuma sama da haka su ke ba da rance. Ko a kan 27.5 ɗin, ruwan miliyan 8 kaɗai ya haura naira 183,000 a wata, ba a taɓa uwar kuɗin ba. A 2025 hauhawar farashi ta lafa, aka rage ma'aunin zuwa 27 a watan Satumba, amma lafawar hauhawa ba saukar kaya ba ce, tafiyar ce ta rage sauri. Hanya mai rangwame ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba, Bankin Ba da Rancen Gidaje na Tarayya kuma ya ba da bashi a kan ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. A wannan tsari miliyan 8 za ta ci wajen naira 48,000 a wata. Da ya ke ƙa'ida ita ce kada biya ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, sai mai albashin 144,000 ne zai cancanta, ninki biyu ke nan na mafi ƙarancin albashi. Bayan haka ana neman takardar mallaka wadda banki ya yarda da ita, ga shi kuwa an riga an faɗi cewa galibi babu. Manomi da ɗan kasuwa marasa takardar albashi sun fi kowa nisa da wannan ƙofa. Har wa yau akwai da yawa waɗanda ko an buɗe musu ba za su shiga ba, saboda haramcin riba. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da waɗanda suka biyo bayansa, suna da hanyar saye su sayar wa mutum da riba sananniya, ko su yi tarayya da shi yana fansar rabonsu a hankali, amma su ma suna neman takarda da tabbacin samu.

7. Abin da aka gani a waɗansu ƙasashe

A Amurka kuɗin gidaje ya faɗi da fiye da rubu'i tsakanin 2006 da 2012. Miliyoyin mutane suka rasa gidajensu domin sun kasa biyan bashi, bankuna suka tsananta sharuɗɗan rance, manyan kamfanoni masu tsabar kuɗi suka saye gidaje da yawa da araha suka sa haya. A ƙasar Sin kuɗin sababbin gidaje ya fara sauka a ƙarshen 2021, sa'ad da kamfanin Evergrande, mai bashin da ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya, har kotun Hong Kong ta ba da umurnin rushe shi a Janairu 2024. Mutane da yawa da suka biya kuɗin gida tun ba a gina ba suka zauna da kango, waɗanda ba su saya ba kuma suka janye hannu suna tsoron gobe ya ƙara faɗuwa.

Bambancin waɗannan ƙasashe da Dutsin-Ma shi ne can da bashin banki a ke gini, a ke saye, saboda haka banki na tilasta sayarwa, faɗuwa ta fito fili a rubuta ta. Nan kuwa da kuɗin aljihu a ke yi, ba mai tilastawa sai larura, don haka faɗuwar ta kan ɓuya cikin kwantai da kangaye. Inda suka yi daidai shi ne ko can ko nan, mai tsabar kuɗi ne ya ci arahar.

8. Inda sauƙi ya ke

Gwamnatoci sun sha gwada gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Ta Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta yi niyyar gina 2,000 a ko wace jiha ko wace shekara, abin da aka gama bai kai rabin niyya ba, waɗansu kuma an gina su nesa da gari inda ba ruwa ba kasuwa. Darasin da ke ciki shi ne gidan da aka gama, aka kafa masa kuɗi dunƙule, ba shi ne hanyar da yawancin Hausawa ke mallakar gida ba.

Hanyar da aka sani ita ce ta kaɗan-kaɗan. A sayi fili bana, a kewaye shi baɗi, a ɗauki adashi a buga bulo, a sayar da rago ko buhunan wake a yi rufin ɗaki biyu, a tare, sauran a ƙarasa ana ciki. Mai bin wannan hanya bai damu da kuɗin gamammen gida ba. Abin da ya dame shi huɗu ne: fili mai takarda wadda ba za a tashe shi ba, kuɗin buhun siminti da bandir na kwano, samun da zai rage bayan an ci abinci, da kwanciyar hankalin da za ta bar shi ya kwana a bakin gari inda filin ya ke da araha. Ko wane ɗaya daga cikin huɗun nan in ya gyaru, ya fi masa amfani bisa ga faɗuwar kuɗin gidajen da ba zai taɓa tayawa ba. A nan kuma ginin ƙasa yana da abin cewa. Jar ƙasa tana nan inda ta ke, ba ta bin dala, ɗakinta ya fi na bulo sanyi da bazara, kuma in aka ɗora tubali a kan harsashin dutse da siminti, aka yi rufi mai baki da zai kare bango daga ruwa, wahalar yaɓe ta ragu ƙwarai. Abin da ya rage masa daraja shi ne an ɗauke shi alamar talauci, magina masu ɗaurin guga kuma suna ƙarewa ba magada.

Malamin da zai koyar da wannan a aji zai iya sa ɗalibansa su tambayi dillali kuɗin fuloti a unguwa biyu, ɗaya a tsakiyar gari ɗaya a baki, su tambayi mai shago kuɗin siminti, su raba da albashin malamin firamare, su kuma ajiye lissafin a sake yi baɗi. Daga amsar za su gane ko wace kalma ce ta dace da kasuwar garinsu a wannan shekara, araha ce, ko karyewa, ko kwantai, ko kuwa sauƙi.